Mahayan Bagudo da Sirrin Sauya Babur

Hawa babur ba wani abin a zo a gani ba ne a ƙasar Bagudo. Yaron da ƙafarsa ba ta gama kaiwa ƙasa ba ma yana kai niƙa ya dawo. Abin da ke burge ni shi ne mutumin da zai sauka daga kan Boxer, a miƙo masa makullin Honda ko Haojue da bai taɓa hawa ba, kafin ya fita daga tasha ya riga ya san halinta: inda kulochinta ke kamawa, yadda birkinta ke ci, ko kanta na rinjaya gefe guda. Irin waɗannan mahaya su ne ake nema idan za a sayi mashin na hannu, su ne kuma ake ba wa kaya masu nauyi idan damina ta lalata hanya.

Ƙasar ce ta koya musu. Kogin Neja, wanda muke kira Kwara, ya ratsa ƙaramar hukumar Bagudo. Idan ka haye gadar Tuga ka nufi Ka'oje, Illo, Lolo ko Tsamiya, kana dab da Jamhuriyar Benin: Segbana na gaban Tsamiya, babbar kasuwar Malanville kuma na can sama a bakin kogi, daura da Gaya ta Nijar. Da zarar ka bar kwalta, tafiya ɗaya za ta haɗa ka da burji, da rairayi mai zurfi, da lakar fadamar shinkafa, wani lokaci har da mashigin da sai an ɗora babur a kwale-kwale. Kuma da yake mutane na kai da komo tsakanin ƙasashe uku, mashinan da ke hannunsu ma gauraye suke. Ga Bajaj Boxer da TVS na Indiya, ga Jincheng da Haojue da Daylong na Sin, ga Honda da ake harhaɗawa a Ota ta jihar Ogun. Ɗan kabu-kabun da ke aiki da mashin ɗin maigidansa ba shi da zaɓi. Wanda aka ba shi yau, shi zai hau.

Abu na farko da gwani ke tantancewa shi ne giya, kuma da ƙafa yake tantancewa tun mashin na tsaye. Tsarin ba ɗaya ba ne. A wani babur duk giyoyin ƙasa ake taka su, a wani ta ɗaya ce kawai a ƙasa sauran sama ake ɗaga su, akwai kuma mai zagaye, wanda idan ka wuce giyar ƙarshe ka sake takawa sai ka tsinci kanka a firi. Ƙafar da ta shekara tana taka Boxer ta riga ta haddace nata karatun, ba ta jiran umarnin kai. Nan haɗarin yake. Mutum na cikin gudu, ya so ƙara giya, ƙafa ta yi abin da ta saba, sai ga shi ya rage. Inji ya yi kururuwa, tayar baya ta ja, in akwai fasinja sai dai Allah ya kiyaye. Gwani yakan shiga kowace giya ya fita sau ɗaya a fili kafin ya ɗauki kowa, don ya goge tsohon karatu daga ƙafarsa. Wannan ɗan jinkirin da gaggawa ke rainawa, shi ne rabin sana'ar.

Sai inji. Tsofaffin mahaya sun taso ne a kan Jincheng AX100, wadda aka kwaikwayo daga Suzuki, mai cin fetur haɗe da baƙin mai tana tafe tana hayaƙi. Irin wannan inji yana da zafin tashi, amma idan ka saki totur a gangara ba ya riƙe ka sosai, sai ka dogara da birki. Boxer da Honda kuwa injinsu na riƙe mashin da kansa idan ka rage giya, ga shi ba sa shan mai kamar waccan. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambanci ya tashi daga hirar majalisa ya koma lissafin abin da mutum zai kai gida da yamma. Shi ya sa idan mahayi ya gwada mashin ya dawo, tambayar farko da ake masa ita ce ta shan mai, kafin a zo kan gudu.

Amma inda ake raba gwani da ɗan koyo shi ne rairayi. Wanda bai sani ba, da ya ji kan mashin ya fara rawa sai ya tsorata ya saki totur, ko ya damƙe birkin gaba, nan take tayar gaba ta nutse ya sha ƙasa. Gwani yakan rage iskar taya tun kafin ya shiga, ya sa giya ta biyu, ya ja jikinsa baya kaɗan don gaba ya yi sauƙi, ya riƙe totur a wuri ɗaya ba ƙari ba ragi. Hannunsa a sake yake. Yana barin kan mashin ya yi 'yar rawarsa, idonsa na can gaba inda yake son fita, ba a kan taya ba. Kamar doki ne: in ka ƙanƙame linzami don tsoro, shi ma sai ya rikice. Kuma kowane mashin da irin rawarsa. Mai sauƙin jiki yakan yi tsalle-tsalle amma yana da saurin gyaruwa. Mai nauyi yakan tafi a natse, sai dai in ya fara karkata, dawo da shi sai mai ƙarfi. Mahayin da ya san duka biyun ba ya tilasta wa ɗaya halin ɗayan.

Haka batun kaya. Buhunan shinkafa biyu ko uku a kan kariya suna mayar da babur wani abu dabam: gaba ya yi shafal, birki ya yi nisa, kwana ta ƙi shiguwa. Za ka ga mahayi ya matsa har kan tanki, ba don gayu ba, don ya mayar wa tayar gaba nauyin da kaya suka ƙwace mata. Jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya wahala, domin ruwan ciki na kai da kawowa yana tura mashin bayan an taka birki. Idan kuma aka ratsa ruwa, birkin ganga yakan jiƙe ya daina ci, sai a riƙa ɗan latsa shi ana tafe har ya bushe. Babu littafin da ya koya musu wannan. Daga maigida ne zuwa yaronsa, daga bakanike zuwa mahayi, wani lokaci kuma daga tabon da ke gwiwa.

A Amurka da Turai akwai masu sha'awar manyan babura irin su Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a Milwaukee a 1903, waɗanda ke sauya wannan su hau wancan don su kwatanta zama da lafiyar tafiya. Wasu daga cikin baburan nan sun haura kilo 300, injinsu ya ninka na Boxer fiye da sau goma, alhali ita Boxer kilo ɗari da 'yan kai ce. An ƙera su ne don doguwar kwalta miƙaƙƙiya: kujera a ƙasa, ƙafafu a miƙe gaba, ciki dab da ƙasa. A hanyar ƙauyen Illo cikin watan Agusta duk waɗannan abubuwan alfahari za su zama matsala, domin mahayi ba zai iya miƙewa a kan matakai ya bar mashin ya yi wasa a ƙarƙashinsa ba, in kuma ya faɗi a laka ba mai ɗaga shi shi kaɗai. Duk da haka tambayoyin iri ɗaya ne da na tashar Bagudo: ina nauyin ya zauna, yaya yake shiga kwana, bayan tafiyar awa uku yaya bayan mutum yake ji. Bambancin shi ne can nishaɗi ne, nan kuwa abinci ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda sunan babur ya ɓaci a Arewa maso Yamma. 'Yan bindiga sun mayar da shi abin hawansu, har a 2019 rundunar soja ta hana amfani da shi a dazuzzukan wasu jihohi, ciki har da Kebbi, jihar da Bagudo take. A watan Agustan shekarar kuma aka rufe iyakokin ƙasa, harkar bakin iyaka ta tsaya cik ga mutane da yawa. Mai gaskiya da ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare ya wayi gari ana masa kallon tuhuma a kowane shinge. Ga tsadar kayan gyara, ga rashin hular kwano, wanda ba zan kare shi ba ko kaɗan, domin ƙwarewa ba ta hana kai fashewa.

In za ka sayi mashin na hannu a wannan yanki, kada ka tsaya kan fenti. Nemi ɗaya daga cikin mahayan nan ka biya shi ladan gwaji. Zai taɓa inji ya ji ko an riga an ɗumama shi don a ɓoye wahalar tashi, ya buga kik, ya saurari ƙara, ya duba hayaƙin salansa. Zai ɗan sassauta hannu a kan hanya mai kyau ya ga ko kan zai ja gefe, alamar an taɓa yin karo da shi. Sannan ya nemi rairayi mafi kusa ya shiga da shi, ya dawo ya gaya maka nawa ya kamata ka taya.