Yadda Ake Tsimin Ƙarfi a Filin Jirgin Doha

Tun da jiragen Qatar Airways suka fara sauka Kano a 2022, filin jirgin sama na Hamad da ke Doha ya zama zango ga mutanenmu. Masu Umara na yada zango a nan kafin su wuce Jidda ko Madina, 'yan kasuwa na jiran jirgin Guangzhou, masu neman magani na jiran na Indiya. Filin, wanda aka buɗe a 2014, gari ne guda a ƙarƙashin rufi ɗaya. Mai lafiya zai taka shi daga wannan kai zuwa wancan, abin da zai ce kawai shi ne ƙafa ta yi tsami. Amma akwai matafiyin da wannan tattakin zai iya kwantar da shi mako biyu, kuma shi ne ya fi kowa sanin yadda ake ratsa wurin.

Larurar da ke tare da shi ita ce ciwon gajiya mai naci, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ME/CFS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa tun 1969, kuma ta fi kama mata. Ba gajiyar da barci ke wankewa ba ce. Babbar alamarta ita ce jiki ba ya nuna ɓacin ransa nan take. Mutum zai yi abin da ya fi ƙarfinsa yau, ya kwana kamar ba komai, sai bayan awa 12 zuwa 48 jiki ya rushe: gaɓoɓi su yi nauyi, kai ya yi hazo, haske da ƙara su zama azaba, wani lokaci har da ciwon maƙogwaro kamar mura za ta kama. Rushewar kan ɗauki kwanaki, kan ɗauki makonni. An daɗe ana ba irin waɗannan majinyata shawarar su riƙa ƙara motsa jiki kaɗan-kaɗan har su saba, sai a watan Oktoba na 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta janye wannan shawara, ta ce a koya musu tsimin ƙarfi. Tsimin nan sana'a ce sosai, mai kayan aiki da ƙa'idoji.

A ɗauki misalin mace mai wannan larura da za ta tashi daga Kano ta bi ta Doha, 'yarta na rakiya. Aikinta ya fara tun kafin a sayi tikiti. Tana da ɗan littafi da take rubuta abin da ta yi kowace rana da yadda jiki ya wayi gari kwana biyu bayan haka. Daga nan ta san iyakarta: minti nawa take iya tsayuwa, hira ta tsawon wane lokaci ce ke wuce mata lafiya. Leonard Jason, malami a jami'ar DePaul da ke Chicago, shi ne ya yi suna wajen nazarin wannan dabara ta kada abin da mutum ya kashe a yini ya zarce abin da ya wayi gari da shi. Ita kam ta san ta ne irin sanin mai ƙaramin jari a kasuwa, wadda ta gane cewa ranar da ta taɓa uwar kuɗi, gobe ba ta da abin juyawa.

Saboda haka ba ta zaɓar jirgin da ke da jiran awa ɗaya a Doha, don gaggawa ita ce mafi tsada a cikin duk abin da za ta saya. Tana neman jiran da zai ba ta damar kwanciya. Akwati kuwa a zaune ake haɗa shi, kaɗan yau kaɗan gobe, sannan ta bar kwanakin ƙarshe kafin tafiya babu girki, babu zuwa sallama gidajen dangi.

Sai batun keken guragu, wanda ake nema daga kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi. A nan akwai wani ilimi da ya ɓuya wa yawancin matafiya. Kamfanonin jirage suna da alamomi uku na wannan buƙata. WCHR na wanda ke iya hawa matakala amma tafiya mai nisa ta gagare shi. WCHS na wanda matakalar ma ta fi ƙarfinsa. WCHC na wanda sai an kai shi har kujerarsa. Ita tana iya taka ƙafarta sarai, amma na biyun take zaɓa, domin ta san a Doha ba kowane jirgi ke tsayawa a jikin gini ba. Wani sai an sauko ta matakala an shiga bas, a tsaye, ga jaka a hannu, ga zafin da kan haura digiri 40 a lokacin bazara. Harafi ɗaya a kan takarda ya raba ta da wannan duka.

Jirgi ya sauka, kowa ya miƙe yana jan kaya daga sama, alhali ba a buɗe ƙofa ba. Ita tana zaune. Tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya cin ta, domin jini kan taru a ƙafafu, zuciya ta shiga bugu da sauri don ta tura shi sama, kai ya fara juyawa. Shi ya sa ta sa safa mai matse ƙafa tun daga gida, kuma take kurɓar ruwa a kai a kai. Wasu, likita kan ce musu su ƙara gishiri, amma wannan ba na mai hawan jini ba ne. Sai kowa ya fita, mai tura keke ya zo bakin ƙofa, sannan ta tashi.

A hannunta akwai agogo mai auna bugun zuciya. Ta yi mako tana duba bugun da asuba kafin ta sauko daga gado, ta san matsakaicinsa. Cibiyar Workwell ta Amurka, wadda ta daɗe tana gwada irin waɗannan majinyata a kan keken motsa jiki kwana biyu a jere, tana ba da shawarar a ƙara 15 a kan wannan adadi a mai da shi iyaka. Wadda nata ke 70 a kwance, ke nan 85 ne shingenta. Ga mai lafiya wannan abin dariya ne, don ɗaga jaka zuwa kan bel ɗin bincike kaɗai ya isa ya tsallake shi. To shi ya sa 'yar ce ke ɗagawa. Agogo ya girgiza, ta dakata, ta jingina, ta ja numfashi a hankali har lamba ta sauko. Ba ta jiran ta ji gajiya, domin ta san in ta ji, an riga an wuce wurin.

Daga wurin bincike hanya na fitowa babban dandalin da wani ƙaton mutum-mutumi ruwan ɗorawa yake, aikin Urs Fischer ɗan ƙasar Suwizalan, mai tsawon wajen mita 7, fitila a kansa. Nan ne kowa ke tsayawa ɗaukar hoto. Kewaye da shi shagunan turare ne da agogo da zinariya, fitilu na ƙyalli, sanarwa na tashi da Larabci da Turanci. Za ka ga mutum ya yi awa uku yana zagaye, ya shinshina turaren da ba zai saya ba, ya koma ya sake shinshinawa, ya zauna yana murza waya har wuya ya ƙage, sannan ya ce jira ya gajiyar da shi. Ita a wannan dandalin ma aiki take yi. Ta sa baƙin tabarau, ta toshe kunne, ta sauke ido, domin gani da ji da ƙamshi duk daga asusu ɗaya suke ci da tafiya. Wannan ne ɓangaren da ya fi wuyar fahimta ga na waje: karanta allon jirage, lissafin bambancin awa biyu tsakanin Doha da Najeriya, amsa saƙonnin WhatsApp na "kun sauka lafiya?", kowanne yana da farashi. Lambar ƙofa da lokacin shiga jirgi an rubuta su a takarda da manyan baƙaƙe, don kada a nemi ƙwaƙwalwa ta riƙe. Wayar tana hannun 'yar, ita ke amsa wa dangi.

Akwai lambun da aka buɗe a cikin filin a 2022, Orchard, mai bishiyoyi sama da 300 a ƙarƙashin rufin gilashi. 'Yar za ta ce, "Umma, ki daure mu leƙa mana, mun zo har nan." A daidai wannan lokacin kuwa jikin uwar kan yi mata ƙarya. Ɗokin tafiya kan kawo wani ƙarfi na aro, ta ji kamar ta warke. Gwanintar ita ce ta gane shi. "Je ki gano mini, ki ɗauko hoto," za ta ce, a tura ta ɗakin hutu. Filin yana da irin waɗannan ɗakuna kyauta, na mata daban na maza daban, masu kujerun kishingiɗa da haske kaɗan. Mai hali kuma na iya kama ɗaki a otal ɗin Oryx da ke cikin filin, ya miƙe sosai.

Hutun ma da yadda ake yin sa. A ɗaga ƙafa, a rufe ido da ƙyalle, babu waya, babu hira, babu ko sauraron karatu in kai ya fara nauyi. Minti ashirin na irin wannan ya fi awa biyu na zama a kujerar jira ana kallon masu wucewa. Abinci kaɗan ne, ba cika ciki ba, don narkarwa ma aiki ce. Salla kuwa addini ya riga ya sauƙaƙa: matafiyi na da ƙasaru da haɗa salloli biyu, majinyaci na da damar yi a zaune. Ta tsara alwala da shiga banɗaki su zo a tashi ɗaya, kusa da ƙofar jirginta.

Ni a ganina abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne idon mutane. Mace ce da ba ta tsufa ba, ba karaya, ba sanda, ga ta a keke, kuma an ga ta miƙe ta taka zuwa banɗaki. Wata Hajiya a layi za ta ce wa ta kusa da ita, "Son jiki dai." Mu mutane ne masu yabon juriya, kuma kunya kan sa mutum ya tashi tsaye don kada a ce. Da yawa daga masu wannan larura a nan suke faɗuwa, su bar keken su bi layi, su biya da mako guda a gado. Wadda ta ƙware ta daina yi wa kowa bayani, don bayanin ma ƙarfi yake ci.

Ko ta isa masauki ba ta ce an gama ba. Kwana biyun farko ta riga ta ware su, babu ɗawafi in Umara ce, babu kasuwa, 'yan sannu da zuwa kuma 'yar ce ke tarbarsu. Sai a rana ta uku take buɗe littafin ta rubuta sakamako. In jiki ya tsaya, tsarin ya yi, haka za a maimaita a komowa. In ya rushe, sai ta bi sawu ta gano inda aka yi ɓarna, ko hirar cikin jirgi ce, ko tsayuwar wurin bincike, ta kira kamfanin jirgin tun da sauran lokaci a sauya mata zuwa jiran da ya fi tsawo.