Saɓanin Masu Karatu a Kan Komawar Rabi Cikin Alhaki Kuykuyo Ne

Tun daga 1980, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, ba a daina jayayya a kan littattafan da mata suke rubutawa da Hausa ba. Jayayyar ta yi ƙamari a shekarun 1990, sa'ad da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa irin waɗannan ƙagaggun labarai sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu a shafukan jarida. A 2007 har an ƙone wasu littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Abin lura shi ne, galibin wannan muhawara a kan tarbiyya aka yi ta, watau ko littattafan suna gyara 'yan mata ko suna ɓata su, ba a faye buɗe littafi guda a bi zubinsa da tsarinsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki littafi ɗaya, ta duba wuri ɗaya da masu karatu suka rabu a kansa.

Littafin shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Tauraruwar labarin ita ce Rabi, matar Alhaji Abdu, wani ɗan kasuwa a Kano, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, har ta aurar da 'yarta Saudatu ga Alhaji Abubakar, mutum mai wadata. Daga baya gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, dangi suka taru a kan Rabi sai da ta koma ɗakinta ba da son ranta ba.

A kan wannan komawa ce ra'ayi ya kasu. Wasu masu karatu suna ganin ita ce ladan haƙuri, kuma da ita marubuciyar ta wanke littafin daga zargin zuga mata. Wasu kuwa suna ganin marubuciyar ta ja da baya, domin bayan ta nuna mace tana iya tsayawa da ƙafarta, sai ta mayar da ita hannun wanda ya wulaƙanta ta.

Ra'ayi na biyu zai fi saurin kama mai karatu a ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, saboda macen da labarinta ya fi shahara a rubuce daga wannan yanki ita ce Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya gina ƙagaggen labarinsa a kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Wanda ya saba da wannan siffa ta mace mai cewa a'a ko da gari zai ƙone, idan ya auna Rabi da ita, ba shakka zai ga ta gaza. To amma ma'aunin bai dace ba. Sarauniyar Mamani namiji ne ya zana ta, domin ya ba ƙasa gwarzuwar da za ta yi alfahari da ita. Balaraba kuwa, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ba gwarzuwa ta tashi zanawa ba, lissafin gidan aure ta tashi bajewa.

Idan aka bi warwarar jigon a tsanake, za a tarar zaren da ya ɗinke labarin shi ne kuɗin cefane, ba soyayya ba. Tun farko laifin Alhaji Abdu da aka fi nanatawa shi ne ƙuntata wa iyalinsa abinci alhali yana kashe wa kansa. Sakin da ya yi bai jefa Rabi cikin yunwa ba, ya dai fito da abin da yake ɓoye, watau dama ita ce take ɗauke da gidan. Saboda haka lokacin da ta koma, ba gidan da ta bari ta tarar ba: mai gidan ba shi da abin hannu, ita ce mai sana'a, surukinta ne mai dukiya. Masu cewa ladan haƙuri ne sun manta ba ta nemi komawar ba, ba a kuma nuna ta tana murna ba. Masu cewa ja da baya ne sun manta cewa tilas ɗin da aka yi mata shi kansa suka ne, domin marubuciyar ta bar mai karatu ya ga waɗanda suka yanke shawarar, ya ga kuma wadda za ta ɗauki nauyinta.

Ba a ce littafin ba shi da rauni ba. Gobarar ta zo a kan kari fiye da kima, kamar an kira ta ne ta cika karin maganar da ke kan bango, an kuma ɗora wa Delu mugunta tsantsa ba tare da an leƙa abin da ya kai ta wannan rayuwa ba, ko da yake ita ma mace ce da take ci daga aljihun namiji. Auren Saudatu ma ya zo da sauƙin da sauran labarin bai saba da shi ba, kuma da ba don dukiyar Alhaji Abubakar ba, da wuya maganar Rabi ta sami nauyin da ta samu a idon dangi.