Daga Giranada Zuwa Tsohuwar Birnin Gwari: Sharhi a Kan Ginin Ƙasa

Duk wanda ya je yawon buɗe ido birnin Giranada na ƙasar Sifen, yakan komo da labarin fadar Alhamra da lungunan unguwar Albaisin. Daular Musulmi ta faɗi a can tun 1492, amma fadar na nan tsaye, kuma a 1984 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Idan aka tambayi mutanenmu me ya sa namu gine-ginen suke rushewa, sai su ce ai namu na ƙasa ne. Wannan hujja ita muke so mu duba a nan.

Hujjar tana da rauni. Galibin ganuwar Alhamra da jar ƙasa aka yi ta, wadda aka gauraya da farar ƙasa aka daɓe, sunan nata ma da Larabci ja yake nufi. Abin da ya riƙe ta shi ne gyara. Haka kuma masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da tubali da azara aka tayar da shi. Ginin ƙasa yakan mutu ne ran da aka daina yi masa yaɓe.

Sai mu komo Birnin Gwari. Kalmar birni kanta tana nufin gari mai ganuwa. Amma da sarauta da kasuwa suka koma sabon gari a bakin hanyar mota, sai aka bar tsohon garin a baya. Dajin Kamuku ya sami kariya tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999. Ke nan an tuna da itatuwa da namun daji, aka manta da aikin magina. Daga baya 'yan bindiga suka tsare hanyoyin yankin shekara da shekaru, har gwamnatin Kaduna ta ƙulla sulhu da su a 2024.

Asarar ba ta tsaya ga bango ba, ta shafi harshe. Yaro nawa ne yau zai bambanta makuba da laso, ko bakan gizo da daurin guga? Saboda haka ya kamata ɗaliban Hausa su je wajen tsofaffin magina da dattawan tsohon garin, su rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni da kayan aiki, tun masu sanin suna raye.