Jinjina ga 'Yan Amshin Ɗanƙwairo

Ana jin "Mai Dubun Nasara" sai a ce Musa Ɗanƙwairo, a manta da mutanen da ke bayansa, kotso a rataye, suna karɓar baiti tun bai faɗi ƙasa ba. Su nake yi wa jinjina.

Waƙar fada daga salsala take tashi. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka yi wa wannan waƙa, ɗan Rabah ne, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da aka rufe a Wurno a 1837. Makaɗi ya san wannan, amma 'yan amshi ke riƙe masa zaren: in ya yi nisa cikin kirari, su dawo da shi gindin waƙa. Rediyo kuwa sunan maigida kaɗai take faɗa.