Jinjina ga Dakarun Ƙasa

A wasannin zane na yaƙi da yaranmu ke kallo a waya, akwai wasu ƙananan mayaƙa marasa suna, duk kamarsu ɗaya, waɗanda jarumi ke karkashewa tuli-tuli ba wanda ya waiwaye su. Kuma lalle haka marubuta tarihi suka yi wa dakarun ƙasa, alhali da ƙafafunsu aka kafa dauloli.

A Tabkin Kwatto, cikin shekarar 1804, lokacin da Sarkin Gobir Yunfa ya fito da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu, a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, sai 'yan baka suka tsaya sahu guda, suka yi ta sakin kibau har rundunar Gobir ta watse. Dakare shi ne mai warki da kwari a kafaɗa, da gorar ruwa, da ɗan guzurin gumba, wanda ke tafiya a ƙaya yini guda sa'annan ya shiga daga, kuma idan an zo rabon ganima kasonsa bai kai na mahayi ba. Dakarun ne kuma suka zauna ribaɗi a Bakura zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suna noma da damina, suna tsaron iyaka da rani.

Mutanen Maradun da Mafara, idan ana ambaton magabata a wajen addu'a, a sa waɗannan bayin Allah a ciki. Allah Ya jiƙansu da rahama.