Zaki a Majalisa: Abin da Kirari Ya Tsallake

Duk wanda ya saurari waƙoƙin siyasar da aka yi wa Mahamadu Isufu a ƙasar Adar, daga Illela har Affala, zai lura da abu guda: mawaƙa sun san Zaki ɗan takara, sun san Zaki shugaban ƙasa, amma ɗan majalisa mai wakiltar Tawa kamar ba su taɓa jin labarinsa ba. Alhali kuwa shekarun da mutumin Dandaji ya yi a zauren Majalisar Dokoki ta Yamai sun kai tsawon shekaru goman da ya yi a fada, daga 2011 zuwa 2021, har sun ɗara.

An fara zaɓensa daga Tawa a Fabrairun 1993, ƙarƙashin tutar PNDS-Tarayya wadda aka kafa a ƙarshen 1990. Bai daɗe kan kujerar ba Mahaman Usman ya naɗa shi firaminista, ya kuma yi murabus a Satumban 1994. Bayan zaɓen Janairun 1995 ya zama shugaban Majalisa, wannan karon da ƙuri'un MNSD, jam'iyyar da aka haɗa ƙawance a 1993 musamman domin hana ta mulki. Wannan juyi shi ne wurin da kirari ya fi gaggawar tsallakewa, domin zaman doya da manjan da ya biyo baya tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadu shi ne hujjar da Ibrahim Bare Mainasara ya kafa ya kifar da gwamnati ranar 27 ga Janairun 1996. Ba Isufu kaɗai ke da alhaki ba, amma da hannunsa a cikin dambun, kuma tarihin da ya ɓoye haka roƙo ne kawai.

Inda ya kamata mai nazari ya tsaya da kyau shi ne tsakanin 1999 da 2009. Sau biyu Mamadu Tanja ya kayar da shi a zagaye na biyu, a 1999 da 2004, sau biyun kuma ya koma kujerarsa ta ɗan majalisa yana jagorancin adawa. A ƙasar da aka saba ganin wanda ya sha kaye ya yi fushi ya ƙaurace, ko ya bi mai nasara a ba shi ofis, wannan zaman haƙuri ba ƙaramin abu ba ne. Kuma majalisun nan biyu ba na ɗumama kujera ba ne. A 2000 aka yi dokar da ta keɓe wa mata kaso cikin muƙaman zaɓe. A 2001 aka yi dokar raya harsunan ƙasa. A 2003 aka mayar da bautar da mutum laifi a kundin hukunci, dokar da ta shafi Adar fiye da wurare da yawa, kamar yadda shari'ar Hadijatu Mani ta nuna a 2008, lokacin da kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kāre ta. Waɗannan dokoki ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ƴan adawa ba su ne masu rinjaye ba. Sai dai da su ake auna wakili: wace ya goya wa baya, wace ya yi jayayya da ita, me ya faɗa ranar muhawara. Wane mawaƙi ne ya taɓa gina baiti a kan haka?

Malamai ma dai suna da dalilin tunawa da ranar 31 ga Mayun 2007. A ranar ce Majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'u 62 cikin 113, a kan badaƙalar MEBA, wato kuɗin ilimin firamare da aka yi sama da faɗi da su. Ƴan adawa ne suka gabatar da buƙatar, wasu daga ɓangaren masu mulki suka mara musu baya. A ganina wannan ce rana mafi daraja a rayuwar Isufu ta majalisa, har ta fi gwagwarmayar tazarce ta 2009, domin a ranar aka ga zaure ya hukunta gwamnati saboda alli da littafin ɗan talaka, ba tare da soja ya fito daga bariki ba.

To amma wannan ma'auni da ya ɗaga shi, shi ne kuma ke tuhumarsa. Mutumin da ya san ɗacin adawa, a zamaninsa ne Hama Amadu ya yi takarar 2016 daga gidan kason Filinge, a zamaninsa ne kuma aka tsare shugabannin ƙungiyoyin farar hula a 2018 saboda zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi. Malaman kwantaragi ba su manta da jarrabawar tantancewa ta 2017 ba. A ƙarshen wannan shekarar aka yi bikin Tawa Sakola, birni ya sami kwalta da fitilu, mawaƙa suka sami abin faɗa. Matashin Affala kuwa bai fasa ɗaure jakarsa bayan girbi ya nufi cin rani Abijan ko Libiya ba.

Laifin bai tsaya kan mawaƙa ba. Mawaƙi inda aka yi masa kari yake yabo. Muhawarar Majalisa da Faransanci aka rubuta ta, aka adana a Yamai, manomin da ya jefa ƙuri'a bai taɓa riƙe shafi ɗaya da harshensa ba. Marigayi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya tono tarihin Adar kafin zuwan Turawa daga bakin dattawa da tsofaffin takardu. Tarihin wakilan Adar daga 1993 ya fi wannan sauƙin tonowa, tun da shaidu suna raye. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, a 2025 kuma aka rushe jam'iyyu, aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙungiyoyin al'adu na Tawa za su iya farawa da fassara muhawarar 31 ga Mayun 2007, a buga ta, a raba wa makarantu.