Fadar da Ba Ta da Zaure: Rediyon Kaduna da Makaɗan Zamfara

A teburin mai shayi a Mada, ko a gindin bishiya a gonakin da ke tsakanin Tsafe da Kwatarkwashi, har yau ana ganin ƙaramin akwatin rediyo wanda eriyarsa ta karye aka ɗaura mata guntuwar waya, murfin batir ya ɓace aka tokare da roba. Idan aka yi sa'a, abin da ke fita daga cikinsa sautin kotso ne da muryar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, mai shayi yana amshi yana fasa ƙwai, bai ko ɗaga kai ba. Abin ya zama jiki har ba a tambayar yadda aka yi waƙar da aka tsara domin sarki ɗaya, a ƙofar gida ɗaya, ta zama abin da manomi ke gunguni da shi a bakin kunya. Amsar tana cikin tarihin gidan rediyo guda. Ra'ayina shi ne Rediyon Kaduna ya yi wa kiɗan ƙasar nan abin da ya wuce watsawa: ya zame wa makaɗa ubangida na biyu, ya sauya wanda ake yi wa waƙa da wanda ya mallake ta, kuma gidajen rediyon da suka biyo bayansa a Gusau sun gaji wannan nauyi ko sun sani ko ba su sani ba.

Kafin zuwan rediyo, makaɗin fada kayan sarki ne kamar yadda doki da alkyabba suke kayan sarki. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu ne. Musa Ɗanƙwairo ya gaji kotso a gidan ubansa a hidimar sarautar Maradun. Salihu Jankiɗi da taushinsa suna ƙofar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru kuma ya yi zamani da Muhammadu Macciɗo yana Sarkin Kudu. Ladansu riga ce da doki da damman hatsi da gona, sharaɗin kuwa a bayyane yake: ba a kaɗa wa talaka kotso. Mutumin ƙauye yana jin waɗannan waƙoƙi ne ran hawan Sallah, daga nesa, cikin ƙura da haniniyar dawaki, ko kuwa ya ji guntu a bakin wani da ya je birni. Shi nasa kiɗan daban ne: na noma a wajen gayya, na dambe da kokawa bayan kaka, na 'yan tauri da mafarauta irin wanda Kassu Zurmi ya shahara da shi. Kowane kiɗa da masu shi, da lokacinsa, da filinsa.

Akwatunan da Turawa suka rataya a Kano tun shekarun 1940, masu karɓar magana ta waya, ba su taɓa wannan tsari sosai ba, domin iyakarsu inda waya ta kai. Sauyin ya zo ne a 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna, ta ƙi dogara ga na tarayya da ke karɓar umarni daga Legas. Abubuwa biyu suka haɗu a lokaci guda: gajeren zango mai ƙetare daji da kogi, da ƙaramar rediyo mai batir wadda ɗan ƙwadagon gyaɗa ko auduga a Gusau zai iya saya ya koma da ita ƙauye. Ma'aikatan gidan suka riƙa ɗaukar makaɗa a faifai da zare, wasu a Kaduna, wasu a garuruwansu. Daga nan waƙa ta sami abin da ba ta taɓa samu ba, wato maimaici ba tare da sauyi ba. A fada, makaɗi yakan ƙara ɗiya yau ya rage gobe, gwargwadon wanda ya shigo zaure da wanda ya yi kyauta. A zare kuwa siga ɗaya ce ta tsaya, ita jama'a suka haddace, har ta kai idan makaɗin ya sauya wani wuri a gaban taro sai a ce ba haka take ba. Waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu misali ce a kusa: mutanen da ba su taɓa taka Tsafe ba, a Kumasi da Maraɗi da unguwannin Hausawa na Sudan, sun san sunan garin ta bakinsa. Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa ba. Rediyon yana karanta labarai da daidaitacciyar Hausa mai kama da ta Kano, amma waƙoƙin da ya fi alfahari da su da Zamfarci da Gobirci suke, inda Tsafe take Tsahe, fada take hwada. Karin harshen da ɗan birni zai iya yi wa kallon ƙauyanci sai ya zama shi ne harshen hikima da azanci a kunnen Hausawa baki ɗaya.

Wannan ba abin ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A Amurka, kiɗan da ake kira rok an rol bai fito daga manyan gidajen rediyon New York ba. A watan Yuli na 1954 wani mai gabatarwa a tashar WHBQ ta birnin Memphis, Dewey Phillips, ya sa faifan wani saurayin garin mai suna Elvis Presley, ya yi ta maimaita shi a dare ɗaya saboda masu saurare sun ƙi daina bugo waya. A garin nan dai tashar WDIA ta ba B.B. King fili tun yana matashi. Abin da ya haɗa Memphis da Kaduna shi ne tasha ta buɗe ƙofa ga kiɗan da ke kewaye da ita, ta ɗauka da kanta, ta tsaya a kansa.

Za a ce, kuma da gaskiya, ai Rediyon Kaduna kakakin jam'iyyar NPC mai mulki ne, makaɗan da ya ɗaukaka masu yabon sarakuna da gwamnati ne, waɗanda suka yi wa jam'iyyar adawa ta NEPU waƙa kuwa ba su ga ƙofa ba. Ba a musun wannan, kuma waƙar Ɗanƙwairo ta Sardauna ba don nishaɗi kaɗai ake ta juya ta ba. Amma mai wannan suka yana auna niyyar mai gida ne, ya manta da abin da ya faru bayan mai gidan ya kau. An kashe Sardauna a Janairun 1966, aka rushe Jihar Arewa a 1967, gidan ya koma hannun tarayya a 1978 ƙarƙashin FRCN, waƙoƙin kuwa suka ci gaba da fita. Mai sauraro ya riƙa ɗaukar abin da ya ga dama a cikinsu: karin magana, zambo, tarihin gidajen sarauta, kirarin doki. Yabon ya tsufa tare da wanda aka yaba, fasahar ta zauna. Sannan fadar rediyon ba ta zauna ta sarakuna kaɗai ba. Kalangun Ɗan Anace na 'yan dambe ya shiga, Mamman Shata da bai ɗaure kansa a ƙofar kowa ba ya shiga, kuntigin Ɗan Maraya Jos mai waƙar karen mota ya shiga. Ta hanyar shirye-shiryen zaɓe irin su Zaɓi Sonka, tela a Bunguɗu yana aika kati a kaɗa masa waƙar da da can sai sarki ke da ikon a kaɗa masa.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wurina. An tumɓuke waƙa daga filinta, an yanke ta don ta shiga minti goma sha biyar, an raba kiɗan dambe da damben, kuma abin da makaɗi ya samu daga gidan bai kai ko kusa da darajar abin da ya bari a zare ba. Iyalan da yawa daga cikinsu ba su ga komai ba daga shekarun da aka yi ana juya muryar iyayensu. Wannan zalunci ne, kuma ban ga hanyar wanke shi ba. Abin da kawai za a ajiye a ɗaya gefen ma'auni shi ne, in ba don zaren nan ba, da waƙar Bakandamiya ta bi Narambaɗa kabari, sai ɗan abin da 'yan amshi suka riƙe. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da suka kafa nazarin waƙar baka a jami'a, sun yi aiki ne da muryoyin da wani ya ɗauka ya adana. Haƙƙin da ba a biya ba dalili ne na a biya, a kuma gyara yarjejeniya da masu rai. Bai zama dalilin a daina ɗauka ba.

Saura masu cewa zamanin rediyo ya wuce, kaset ya karya shi, waya ta binne shi. Suna da hujja a maƙwabta: kiɗan jita na Buzaye, irin na Mdou Moctar na Nijar, ya bazu ne daga waya zuwa waya kafin wata tasha ta kula da shi. Sai dai waya tana kwafar abin da wani ya riga ya ɗauka ne. Mai tura waƙa a kasuwa yana cika mimori da Shata da Ɗanƙwairo da waƙoƙin fim na Kano, amma ba zai ɗauki na'ura ya tafi Wonaka ya zauna da tsohon makaɗin noma ya tambaye shi wa ya koya masa ba. Kuma mutanen Zamfara sun ga iyakar waya da idonsu. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, tsawon makonni abin da ya rage yana magana a ƙauye shi ne akwatin nan mai batir. A Oktobar 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, ciki har da Pride FM da NTA Gusau, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa. Ba a rufe bakin abin da ba a saurara.

Tun da aka ƙirƙiri Zamfara a 1996, Gusau ta sami tashoshinta, ba sai an jira Kaduna ko Rima Radio ta Sakkwato ba. A nan ne tarihin ya juyo kansu. Bayan ƙaddamar da shari'a a 1999 kiɗan fili ya ja baya, akwai kuma malamai masu ganin bai dace a raya shi ba. Ra'ayinsu abin a saurara ne, sai dai adana muryar tsoho yana ba da tarihin sarakunan garinsu cikin waƙa daban yake da shirya dandalin shashanci, kuma fadojin da suka riƙe Jankiɗi da Narambaɗa na jikokin masu jihadi ne da mabiyansu. Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne rashin tsaro. Gayya ta yi wuya a gonar da ake tsoron zuwa, damben dare ya ragu, ƙauyuka sun watse, makaɗan da suka rage suna gudun hijira a Gusau da Tsafe, wasu sun jingine gangunansu a ɗakin haya. Ma'aikacin Kaduna na 1962 sai ya yi tafiyar kwana kafin ya iske makaɗin Zamfara. Na Gusau a yau babur ɗin haya zai hau zuwa wata unguwa a bayan gari, da na'urar da ba ta fi tafin hannu ba.